Kiɗan dare a Yamai da abin da faifai ba ya ɗauka

Wanda ya san Tal National a faifai kaɗai, rabinsu ya sani. Ƙungiyar ta tashi a Yamai a shekarar 2000 a hannun Hamadal Issoufou Moumine, wanda aka fi sani da Almeida, tsohon ɗan ƙwallo da ya yi alƙalancin kotu da rana, da dare kuma ya rataya jita. Ƙasashen waje sun farga da su ne a 2013 da faifan Kaani. Kafin nan kuwa sun daɗe suna kiɗa dare biyar a mako, wani lokaci awa biyar a jere, makaɗa suna karɓar juna kamar masu daka a turmi ɗaya. A wannan filin kiɗansu ya nuna.

Irin wannan dare ba shi da ƙawa. Kujerun roba ne, da lasifika mai ɗan shaƙewa, da babura jere a bakin ƙofa. Mai kalangu ya matse shi a hammata, ya sassauta, sai kalangun ya kira wata mata da kirarin gidansu. Ta miƙe, ta gyara ɗaurin zane, ta shigo tana liƙi. Nan take mai jita ya bar inda ya nufa ya bi ƙafarta. Waƙar da aka fara da Zabarmanci sai ta juye Hausa, ta leƙa Fulatanci, don mawaƙin ya ga waɗanda suka shigo.

Baƙon da ya ji wannan yakan tuna da kiɗan fank, kuma akwai dalili. Abin da James Brown ya yi a Amurka, musamman daga "Cold Sweat" ta 1967, shi ne ya mai da kowane kayan kiɗa ganga: jita ta daina kuka, ta koma sara gajere-gajere, kowa yana faɗowa kan bugun farko. Ya zo Legas a 1970, lokacin da Fela da mai gangarsa Tony Allen ke ƙera nasu salon. To amma ni ban yarda a ce Yamai aro ta yi ba. Maimaita jimla ɗaya har jiki ya ɗauka, da barin ganga ta ja ragama, abu ne da makaɗan biki suka gada tun kafin wutar lantarki. Jitar ce baƙuwa, kuma ita ta koyi yaren kalangu.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke sakin wannan gado da hannunmu. A da, Mamman Shata yakan gina waƙa a tsaye, idonsa na kan mutane, 'yan amshi na riƙe masa gindi. Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya yakan cika zaure. Yau a bukukuwa da yawa, daga Kano har Maraɗi, mawaƙi kan zo da waƙar da aka gama a fiyanon sitidiyo, a kunna, shi kuma ya riƙe makirufo yana motsa baki. Na halarci wani biki inda kakar amarya ta taso da sandarta za ta taka. Babu makaɗin da zai rage mata gudu, babu kalangun da zai kira sunan mahaifinta. Ta ɗan tsaya a tsakiyar fili, waƙar ta wuce ta, jikokinta suka kamo hannunta suka mai da ita kujera.