Farfaɗiyar da ke bin jinin al'ada: binciken bai ƙosar ba tukuna

In ka taso a Talata Mafara, Bakura ko Maradun, ka san abin da ake cewa idan budurwa tana faɗuwa duk wata: wai iskokinta ne suka tashi. To, akwai bayani a jikin mace kanta. Sinadarin istirojin yana zaburar da ƙwaƙwalwa, furojestaron kuma yana kwantar da ita. Gab da zuwan al'ada furojestaron kan sauka kwatsam, shi ya sa wasu mata ciwon ya fi kayar da su a waɗannan kwanakin.

Za ka ce ai sai a ba su furojestaron ɗin, magana ta ƙare. An gwada. A 2012 Andrew Herzog da abokan aikinsa a Amurka suka fitar da sakamakon gwaji kan mata 294. A dunƙule, maganin bai fi ƙwayar bogi ba. Sai da aka ware matan da faɗuwarsu ke ninkawa sau uku ko fiye a kusa da al'ada aka ga alamar amfani. Bitar da Cochrane ta yi a 2021 kuwa, gwaje-gwaje 4 kacal ta samu, masu mata 192 gaba ɗaya. Wannan ya yi kaɗan a ɗora hukunci a kansa.

Ga inda nake da ja. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 80 cikin 100 na masu farfaɗiya a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi suke, amma babban gwajin can Amurka aka yi shi. Kuma ka lura, ɗan abin da ya gano a kan ƙirgen kwanaki ya tsaya. Matanmu kuwa sun daɗe suna ƙirga kwanakin al'adarsu saboda sallah da azumi. Me zai hana masu bincikenmu na Sakkwato da Gusau su fara daga nan?

Ke kuma 'yar'uwa mai fama da ciwon, kar ki sayi furojestaron a kemis, kar ki daina maganinki. Rubuta ranar kowace faɗuwa da ranar fara al'ada har wata uku, ki kai wa likita. In kina tazarar haihuwa ki faɗa masa, don kabamazafin da fenobabiton suna rage ƙarfin ƙwayar tazara da ashanar hannu.