Rewaya, Mai Bin Sawun Wuta

Daga Ikara zuwa Makarfi, daga Hunkuyi zuwa Tashar Yari a kan titin Zariya zuwa Kano, Sharon da Galaxy da bas ɗin Hiace ne ke ɗauke da jama'a, wani lokaci har da kwandunan tumatir da buhunan masara. Yawancinsu 'yan Kwatano ne, sun ci zamaninsu a ƙasar waje kafin su iso nan, kuma da yawa sun zo da ƙwaƙwalwa, wadda makanikai ke kira birenbos. Ran da ƙwaƙwalwar nan ta hana inji tashi, ko ƙarti goma suka taru suna turi, a banza. Sai an nemo rewaya.

Gwanin rewaya da tambaya yake farawa: "Direba, yaushe ta soma? An wanke inji? An cire batir? Da wane makulli ka tada ta?" Sannan ya ɗora mita a kan batir. Lafiyayyen batir kan nuna bolt 12.6 in mota na kashe, ya kai wajen 14 in inji na aiki. Awon ba ya cin minti ɗaya, amma yana ceton kuɗi masu yawa, domin batir mai rauni ko kan batir da ya yi tsatsa kan sa ƙwaƙwalwa ta yi ta zubo lambobin matsala barkatai, alhali babu abin da ya lalace.

Sai bayan nan zai lalubo soket mai ramuka 16 da ke kusa da mazaunin direba, ya jona na'urarsa mai karanta lambobin matsala. Tsarin nan, OBD, Amurka ta wajabta shi a 1996, Turai ta bi sahu a 2001 ga masu fetur, a 2004 ga masu dizal. Lamba mai farawa da P ta inji da giya ce, B ta jikin mota, C ta birki da ƙafafu, U kuwa ta saƙon da ke gudana tsakanin ƙwaƙwalen motar.

A nan ake bambance gwani da ɗan koyo. Lamba kamar kukan jariri ce: tana shaida maka akwai ciwo, ba ta cewa ga dalilinsa. In allo ya nuna P0335, ɗan koyo cewa zai yi sansar karanshaf ta mutu, a tafi Sabon Garin Zariya ko Ƙofar Ruwa a Kano a sayo wata. Gwani ya san lambar layin gaba ɗaya take nufi. Zai zare soket ɗin sansar ya hura, ya duba ko haƙoransa sun yi kore, ya bi wayar da yatsa har inda ta goga da ƙarfe, ko inda ɓera ya ɓantare ta, abin da ba baƙo ba ne a motar da ke kwana da hatsi. Yana girgiza damin wayoyi, idonsa na kan mita. Sau da yawa dalma kaɗan da tef ne maganin abin da aka so a kashe wa dubbai. Wannan haƙurin nasa ne ya fi burge ni, musamman da yake direba na tsaye a kansa, fasinja na jira a tasha.

Na'urar hana sata ta fi rikita mutane. A cikin kan makulli akwai wata 'yar ƙwaya da ba ta kai ƙwayar wake ba, ba ta da batir. Zoben waya da ke kewaye da ramin makulli ne ke ba ta wuta, ita kuma ta amsa da lambarta ta sirri. In amsar ba ta dace ba, ƙwaƙwalwa ta datse mai. Jamus ta wajabta wannan a sababbin motoci tun 1998, shi ya sa Sharon da yawa ke da ita. Alamar matsalarta a Volkswagen, irin su Sharon, sananniya ce: inji ya tashi, ya mutu cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, fitilar makulli na ƙyaftawa, allo ya nuna P1570. A Toyota, B2799 ake yawan gani. Direba zai rantse famfon mai ne. Rewaya kuwa makullin zai karɓa ya jujjuya, sai ka ga ashe wanda aka yanka a kasuwa ne, babu ƙwaya a ciki, ko kansa ya tsage ƙwayar ta faɗi.

Akwai masu cewa a kashe na'urar kawai a huta. Ban ga hikima a nan ba, domin motar haya ita ce jarin gida guda, wani lokaci gida biyu. Mai amana zai nemi ganin takardun mota tukuna, sannan ya yi wa sabon makulli rajista, ya ce a ajiye na biyu a gida. Ya goge lambobin, ya shiga gaba kusa da direba su zaga gari har inji ya ɗau zafi, ya sake jona na'ura. Sai allo ya fito fes zai karɓi kuɗin aikinsa.