Fasahar Nano da Ciwon Daji: Ina Maganin Yake Zuwa Bayan An Yi Allura?

Duk bayan ɗan lokaci sai labari ya karaɗe Facebook da WhatsApp cewa masana sun ƙera wasu ƙwayoyin nano masu bin jini, su gano ciwon daji, su haska shi a hoton MRI, su gyara ƙwayar gadon da ta lalace, ba tare da sun taɓa lafiyayyen nama ba. Labarin akwai daɗin ji. Matsalarsa ita ce yana tsallake tambaya mafi muhimmanci: in an yi allurar, nawa ne ke isa wurin ciwon?

Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan ɗaya na mita. Ana tsara ƙwayoyi masu wannan ƙanƙanta daga kitse, zinare ko ƙarfe, a ɗora musu magani. Ba ƙarya ba ne, wasunsu sun yi aiki. Doxil, wanda aka amince da shi a Amurka a 1995, ya rage illar da maganin doxorubicin ke yi wa zuciya.

Amma a 2016, Stefan Wilhelm da Warren Chan da abokan aikinsu a Jami'ar Toronto sun tattara binciken shekara 10 da aka yi a kan dabbobi, galibi ɓeraye. Sun gano cewa, a tsaka-tsaki, kashi 0.7 cikin 100 na ƙwayoyin ne kawai ke kaiwa ga ƙarin. Wato in ka tura 1,000, guda 7 ne suka isa. Wasu masana sun yi musu cewa adadi ba shi kaɗai ne ma'aunin amfanin magani ba, kuma suna da gaskiyarsu. Duk da haka, wanda zai ce maka "yana zuwa kai tsaye" ya kamata ya faɗi wannan lissafin.

To ina sauran suke tafiya? Hanta da saifa ne ke cafke mafi yawansu, don aikinsu ke nan, tace baƙin abu daga jini. Shi ya sa nasarorin suka fi taruwa a hanta. Feridex, ƙwayoyin ƙarfe da aka amince da su a 1996 don hoton MRI, lafiyayyar hanta ce ke haɗiye su ta yi duhu, ƙarin kuma ya fito fili. Daga baya ma an daina ƙera shi. Onpattro na 2018, mai rufe bakin wata ƙwayar gado, shi ma hanta yake zuwa, kuma ba maganin daji ba ne.

A nan ne zancen ya shafe mu. Ciwon dajin hanta yana cikin waɗanda suka fi kisa a Afirka ta Yamma, kuma an san manyan dalilansa biyu: ciwon hanta nau'in B, da gubar aflatoksin da funfuna ke fitarwa a masara da gyaɗar da ba su bushe sosai ba. Tun 1991 bincike ya nuna gubar na lalata ƙwayar gadon p53, mai taka wa ciwon daji birki. Manomin Doguwa ko Tudun Wada da ya zuba masara a buhu da sauran danshi, da mai ƙuli-ƙuli a Kiru ko Bebeji da ta sayi tsintattun gyaɗa don araha, su ne a bakin wannan hatsarin.

Ka ga ke nan, masu yayata nano sun yi kuskure biyu. Sun zuzuta abin da bai tabbata ba, sun kuma bar inda fasahar ta fi ƙarfi, wato hanta. Sannan ba sa gaya wa mai karatu cewa wanda cikinsa ya riga ya kumbura kafin ya taho birnin Kano ɗaukar hoto, sau da yawa an makara.

Mu ci gaba da bin binciken nano, musamman wanda ya shafi hanta. Amma abin da zai kare p53 a yau yana hannunmu: allurar rigakafin ciwon hanta B da Nijeriya ta sa cikin na yara tun 2004, musamman ta ranar haihuwa, gwajin jini ga manya, busar da amfanin gona a kan tamfol, ba a ƙasa ba, da Aflasafe na cibiyar IITA ta Ibadan. In kuma wani labarin ya sake zuwa wayarka, ka tambaya: a ɓera aka gwada ko a mutum, kuma nawa ne ya isa?