Wa Zai Rubuta Wa Yaranmu?

Abin da ya sa na ɗauki biro yau ɗan ƙaramin abu ne da ya faru a gidanmu na Ƙofar Guga. Na fito daga kicin sai na tarar da ɗiyata 'yar shekara takwas ta rakuɓe bayan ƙyaure, tana haɗa baƙi a wani littafina na soyayya. Na fizge na yi mata faɗa. Sai ta ce, "To Umma, wanne zan karanta?" Wallahi na rasa amsa.

Washegari na zagaya shagunan littattafai. Na Turanci masu hotuna ga su nan birjik. Na Hausa kuwa, in kin cire na makaranta da na addini, sai Magana Jari Ce. Littafin da Abubakar Imam, malami a makarantar Midil ta nan Katsina, ya rubuta aka buga tsakanin 1937 da 1939, shi ne har yau muke miƙa wa yaro. Ba raina shi nake ba, wace ni. Imam ya san sirrin yaro: ya sa aku yana ta jan Musa ɗan sarki da labari don kada ya fita, kuma haka yake riƙe mai karatu. Ba ya tsayawa dogon wa'azi, wauta da wayo ne ke karo da juna, yaro ya yi dariya ya ɗauki darasinsa da kansa. Amma mu faɗi gaskiya, jimlolinsa dogaye ne, kalmominsa na manya ne. Ɗan aji biyu ba zai iya shi ba sai an karanta masa. Wanda ya fi kusa da ƙananan yara shi ne Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, mai littafi shida, na farkon shekarun 1970. Umaru Dembo ma ya yi Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969. Duk maza ne, kuma duk ta hannun manyan kamfanoni suka fito.

Mu fa? Tun da Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, mata suka cika kasuwa da littafi, da kuɗin adashi da na sayar da ɗan kunne. Mun rubuta kishiya, mun rubuta auren dole, mun rubuta uwar miji. Yaron da ke goye a bayanmu muka manta.

Na ce bari in gwada. Nan na gane ba lalaci kaɗai ya hana mu ba. Hanyar da muka saba ita ce ki rubuta, a buga a na'ura, ki kai maɗaba'a a Kano, ki sa hoto ɗaya a bango, ki ajiye wa dillali ya sayar ya ba ki kuɗi kaɗan-kaɗan. Littafin yara bai bin wannan hanya. Kowane shafi yana son zane, mai zane sai an biya shi, launi kuma yana ninka kuɗin bugu. Takardar ma dole ta yi kauri, don hannun yaro ba ya tausayi. Wani dillali da na nuna wa ya juya shi ya ce, "Hajiya, budurwa tana tara kuɗin kashewarta ta sayi naki, yaro fa da me zai saya?" Ya yi gaskiya. Mai karanta littafin daban, mai biyan kuɗin daban. Don haka kasuwarsa tana wajen iyaye da masu makarantu, su kuma za su tambaye ki lambar ISBN, wadda Ɗakin Karatu na Ƙasa ke bayarwa, abin da yawancinmu ba mu taɓa damuwa da shi ba.

Amma babban laifin a rubutun yake, har da nawa. Na tara yaran unguwa da dare na karanta masu labarina na wata yarinya da akuyarta ta ɓace ranar jajiberin Sallah. Suna tsit har wurin da na sa kakarta ta zaunar da ita tana mata nasiha shafi guda cur. Kafin in gama, biyu sun tashi, ɗaya ta yi barci. Wannan ita ce cutar 'yan littattafan yara da nake gani jefi-jefi: marubuciya ta ɗauka yaro ɗalibi ne a gabanta, sai ta fara da darasi ta ƙare da darasi, labarin ya zama kamar ɗan sukarin da ake shafa wa magani. Kakanninmu da ke yi mana gatanan gatananku ba haka suke yi ba. Gizo ya yi ƙaryarsa, a kama shi, shi ke nan.

Na yanke nasihar kaka, na bar mata magana ɗaya. Na rage jimloli, kowane shafi layi uku ko huɗu. Yanzu labarin yana hannun wani matashi mai zane, ya gama shafi biyar cikin goma sha shida, ni kuma ina jiran kwasar adashina. Ɗiyata kullum sai ta tambaye ni ko an zana akuyar.