Kiɗa, Teyatur da Hira a Rediyon Karkara: Sharhi daga Yankin Karakara

Akwai wani irin shiri da ya zama ruwan dare a ƙananan gidajen rediyo na ƙasar Nijar, watau wanda ake haɗa kiɗa iri-iri da gajeren wasan kwaikwayo da hira da makaɗa ko ƴan wasa, duk a zama guda. Masu tsara aikin yaƙi da jahilci sukan ɗauke shi abin rage dare kawai. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a auna shi da kunnen mai saurare na Karakara, cikin jihar Dosso, arewa da Gaya, kusa da iyakar Nijeriya, domin a ga inda ya yi armashi da inda ya gaza.

Da farko dai, wannan mai saurare ba baƙon haɗe-haɗe ba ne. Hausar Arewa yake yi a gida, in ya gangara kasuwar Gaya ya ji Dendi da Zabarmanci da Fulatanci, ga Malanbil ta ƙasar Benin a tsallaken Kwara. Shekaru da yawa akwatinsa yana kama Yamai da Kaduna, saboda haka ya san kiɗan Ɗan Gurmu na Tawa kamar yadda ya san kalangun Mamman Shata da kuntigin Ɗan Maraya Jos, ya kuma yi dariyar Samanja. Idan an sa masa gogen bori, aka biyo da waƙar fim ɗin Kano ko ta Indiya, ba ya jin an yi masa kwamacala. Masu kukan cewa baƙon kiɗa yana ɓata shirin, kukan nasu bai faɗa inda ciwon yake ba.

Shi ma tsarin ba sabo ba ne. Tun 1962 aka kafa ƙungiyoyin masu sauraro da ake kira Radio-Clubs, inda mai jagorantar taro, galibi malamin lakwal, yake ɗaukar muryoyin mutanen gari a faifai ya aika Yamai a watsa. Rediyon al'umma, wanda aka fara a Bankilare cikin 1999 da wutar hasken rana, ya gaji wannan manufa, sai dai ya kawo makirfo har cikin garin.

Inda shirin ya fi ƙarfi shi ne teyatur, muddin an bar ƴan wasa sun bi hanyar da suka gada. Janet Beik, cikin littafinta na 1987 a kan wasan kwaikwayon Hausa a Nijar, ta bayyana yadda ƙungiyoyi irin ta gidan rediyon Damagaram, wadda Yazi Dogo ya yi suna cikinta, suke aiki: a tattauna jigo, a raba fitowa-fitowa, kowa ya san matsayinsa, amma maganar da zai faɗa daga bakinsa za ta fito a lokacin wasa. Haka samariya ta yi a bukukuwan matasa na zamanin Seyni Kunce. Amfanin wannan ga mai nazarin harshe ba kaɗan ba ne, gama ɗan wasan da bai haddace takarda ba, da harshen gidansu yake magana. A nan ne za a ji "munka tahi" da "yat tashi", a ji "hwari" da "ɗiya", a ji yadda suruka take kauce wa suna, da yadda talaka yake gaya wa mai gari gaskiya ta bayan gida. Babu littafin nahawu da ya tattara waɗannan kamar yadda wasan minti goma sha biyar yake zubo su.

To amma fa akwai wani teyatur na biyu, wanda furoje yake biya. An rubuta saƙon da Faransanci a ofis, an fassara shi jimla-jimla, an miƙa wa ƴan wasa su karanta. Nan take kunne yake gane shi. Likita ko mushe ya yi dogon jawabi ba mai katse shi, bagidajen miji ya yi gardama sau biyu, a na uku ya ce ya gane. Ba a taɓa jin gardamar gida ta mutu haka ba. Ba laifin saƙon ba ne, domin rigakafi da sa yara mata lakwal abubuwa ne na kirki. Laifin shi ne an cire wa wasan rikicinsa, kuma an cika shi da kalmomin da babu mai faɗinsu a bakin rijiya. Gidan rediyon da ba shi da kuɗin gyaran batir, da wuya ya ƙi irin wannan kwangila, wannan kuwa kowa ya sani.

Hira da makaɗa ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Sau da yawa akan sa kiɗan gargajiya domin cike gurbi kafin sanarwa, ba a faɗi sunan makaɗin ba, balle garinsu ko wanda ya koya masa. In an gayyato shi kuwa, gaisuwa da kirari su cinye lokacin, ba a tambaye shi ma'anar take ko dalilin wata tsohuwar kalma ba, alhali shi ne ƙamus ɗin da yake tafiya da ƙafa.

Abin da ya shafi masu tsara karatun manya kai tsaye shi ne, mafi yawan waɗannan shirye-shirye iska take kwashe su. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa a Damagaram, kuma kundin da aka zartar cikin 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, amma har yanzu wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci yana ƙarancin abin karantawa da zai ja hankalinsa. Wasan da ya riga ya ji a rediyo, ya san muryoyin masu yinsa, in an juye shi a takarda shafi huɗu ko biyar, ya fi masa sauƙin shiga bisa ga kowane darasi. Sai dai mai juyewar zai ci karo da tambaya tun a layin farko: ƙa'idar rubutu da aka daidaita a taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 ta karkata ga "muka tafi", ɗan wasan Karakara kuwa "munka tahi" ya ce. Ra'ayinmu shi ne a bar maganar ƴan wasa yadda ta fito, a rubuta bayanin fitowa da gabatarwa da daidaitacciyar Hausa, sa'an nan a gwada takardar a aji biyu ko uku na yankin kafin a kai ta maɗaba'a.