Jinjina ga Masu Tono Tarihin Waɗanda Suka Ce A'a

A Hotoro ko Tarauni, in aka ce yaƙin Hitila, sai dattawa su tuno sojojinmu da Turawa suka kwasa zuwa Bama. Ba kowa ya san cewa a cikin Jamus ɗin kanta akwai waɗanda suka yi wa azzalumin tsayin daka ba. Masana tarihi ne suka tono mana su, kuma sun cancanci yabo.

Aikin nasu na mai haƙuri ne: shekara da shekaru cikin ƙurar takardun kotu da na 'yan sandan ciki, ana tantance gaskiya daga ƙarya. Dubi Georg Elser, kafintan da ya ɗana wa Hitila bam a Munich a 1939. An daɗe ana cewa ɗan koren wasu ne, har sai da masanin tarihi Lothar Gruchmann ya gano takardar tambayoyin da 'yan sandan ciki suka yi masa, ta tabbatar shi kaɗai ya yi.

Mai neman karatu ya nemi littafin Inge Scholl na 1952 kan ƙannenta Hans da Sophie, ɗaliban da aka kashe a 1943 saboda raba takardun adawa, da na Peter Hoffmann kan yunƙurin Stauffenberg na kashe Hitila a 1944.

Mu ma muna da irinsu a gidan Mambayya, masu adana tarihin Malam Aminu Kano da jam'iyyar NEPU. Ba don su ba, da bakin mai mulki kaɗai za a ji. Allah ya saka musu da alheri.