Adabin Wariyar Launin Fata da Yadda Yake Dasa Tausayi

Littafin tarihi zai gaya maka cewa an haramta bauta a Amurka a 1865, kuma dokokin wariya sun ci gaba da aiki a kudancin ƙasar har shekarun 1960. Ka karanta, ka girgiza kai, ka wuce. Ƙagaggen labari kuwa mutum ɗaya yake ɗauko maka, da sunansa da uwarsa da fargabarsa, ya zaunar da kai tare da shi har sai damuwarsa ta zama taka.

Da wannan dabarar Harriet Beecher Stowe ta girgiza Amurka a 1852 da littafinta Uncle Tom's Cabin, shekara biyu bayan dokar da ta tilasta a riƙa mayar da gudaddun bayi ga iyayengijinsu. A ciki, baiwa Eliza ta ji an sayar da ɗanta, sai ta sungume shi cikin dare, daga baya ta tsallake kogin Ohio tana taka ƙanƙara, ƙafafunta na zubar da jini. Stowe ta rasa nata ɗan a 1849, ta kuma san duk uwar da ta taɓa binne ɗa za ta gane wannan gudun. An sayar da kwafi kusan 300,000 a Amurka cikin shekara guda. Mu ma da irin wannan zaren Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kama zukatanmu a Shaihu Umar, inda uwa ta keta Sahara tana neman ɗanta.

Sai dai hawaye kaɗai bai wadatar ba. A 1949 marubuci James Baldwin ya soki littafin Stowe, yana ganin ya mayar da baƙar fata abin jinƙai kawai, ya kuma bar mai karatu yana jin kansa mutumin kirki don ya yi kuka. Sukar tana da tushe. Mai jin tausayi daga sama har yanzu kallon na ƙasa yake yi wa wanda yake tausaya wa.

Marubuciya Toni Morrison ta bi wata hanyar a littafinta The Bluest Eye na 1970. Pecola, yarinya 'yar shekara 11 a garin Lorain na jihar Ohio, kullum addu'arta Allah Ya ba ta shuɗayen idanu, don ta yarda baƙinta ne ya sa ba a son ta. Wata rana ta shiga kanti da kwabo uku za ta sayi alewa. Mai kantin, farar fata, ya dube ta kamar ba mutum ne a gabansa ba, har yana ƙyamar taɓa tafin hannunta wajen karɓar kuɗin. Ba duka, ba zagi, amma ta fito da kunya a zuciya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma Morrison cikin ɗakin ta shigar da mu. Ba ta tsaya ga fararen fata ba, ta nuna yadda maƙwabtan yarinyar baƙaƙe su ma suka yi mata rainin da aka koya musu.

Irin wannan rubutu ba ya barin mai karatu ya wanke hannunsa. Yana tilasta masa ya tambayi kansa: wa nake kallo haka a kasuwa ko a unguwa saboda launinsa, ƙabilarsa ko asalin gidansu? Malamin da ke koyar da waɗannan littattafai bai gama aikinsa ba sai ɗalibansa sun iso ga wannan tambayar, domin daga nan ne tausayi yake fara gyara hali.